Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Kalmomin Sarauta a Ingilishi

Ranar 6 ga Mayu 2023 aka ɗora wa Sarki Charles na III kambi a majami'ar Westminster da ke Landan. Duk wanda ya fassara labarin zuwa Hausa ya ci karo da kalmomi masu kama da juna, waɗanda ke iya kayar da ɗalibin da ya dogara da siffa kaɗai.

Daga kalmar Latin "corona" aka sami "crown", kambin sarki, da "coronation", bikin ɗora shi. "Coronet" kuwa ƙaramin kambi ne na hakimai da ƴaƴan sarauta. Faransanci na amfani da "couronne" ga duka biyun, don haka ɗalibin da ya taso da Faransanci yakan haɗe su, ya ba hakimi darajar sarki.

Abin ya fi tsanani ga "coroner". An kafa wannan muƙami a Ingila a 1194, domin kula da haƙƙoƙin masarauta. A yau mai riƙe da shi jami'i ne mai binciken musabbabin mutuwa. "Coronary" kuma tana nufin jijiyoyin da suka kewaye zuciya kamar kambi. Mai fassarar da ya ga tushen ya ce "mai naɗa sarki" ya mayar da rahoton kotu labarin fada.

Haka "reign", zamanin mulki, da "rein", linzami: furucinsu ɗaya, asalinsu daban. "Regent" mai riƙon ƙwarya ne, kamar Yarima George daga 1811 zuwa 1820, lokacin rashin lafiyar mahaifinsa. "Queen regnant" ita ke da sarautar da kanta, kamar Elizabeth ta II, alhali "queen consort" matar sarki ce.

Wasu malamai na ganin sanin tushen kalma ya wadatar. Tushe na nuna inda kalma ta fito, amma tarihin amfani ne ke nuna inda ta sauka, kuma "coroner" shaida ce. Ya kamata darasin fassara ya haɗa biyun, ya gwada su a cikin jimloli na gaske. Ya kuma tuna wa ɗalibi cewa a Damagaram da Maraɗi rawani ake naɗawa. Kafin ya rubuta "naɗi" a madadin "coronation", sai ya auna abin da mai karatu zai hango.