Zancen Wata: Guzurin Da Ake Mancewa

Gero ya shiga rumbu, lakwal ta koma. Yaran da suka ci jarrabawar bak suna ɗaurin kaya. Wasu za su Yamai, wasu Maraɗi, Damagaram ko Tawa, inda aka buɗe jami'o'i a 2010, wasu ƙalilan kuma ƙasashen waje. Uwa ta soya ƙuli-ƙuli, uba ya saida rago. Amma akwai magana ɗaya da ya kamata a yi da yaro kafin ya shiga mota.

A manyan makarantu na ƙasashe da yawa akwai wata al'ada da Faransawa ke kira bizutage. Tsofaffin ɗalibai ne ke tarbar sababbi da wulaƙanci, wai sai an sha wuya ake zama ɗan gida. A aske wa yaro kai da ƙarfi, a sa shi rarrafe, a hana shi barci, a ɗura mishi abin da bai so. Wanda aka yi wa bana, shi zai rama a kan na baɗi. Su ce wasa ne.

To ga inda wasan ya kai a ƙasar Beljiyam. A watan Disamba 2018 wani saurayi ɗan shekara 20, ubansa mutumin Afirka ta Yamma, ya nemi shiga wata ƙungiyar ɗalibai a jami'ar Luven. Suka ɗura mishi giya. Wanshekare suka kai shi daji, suka tsaida shi cikin rami da ruwan sanyi, suka sa shi shan romon kifi mai gishirin tsiya. Sai da dare, bayan ya fita hayyacinsa, aka kai shi asibiti. Gishirin ya kumbura mishi ƙwaƙwalwa, bayan kwana biyu ya rasu. A 2023 kotu ta kama mutum 18 da laifi. Hukuncinsu aikin gayya ne da tarar yuro 400 kowane, wajen jika 262 na sefa. Ko ɗaya bai shiga kaso ba.

Ita Faransa tun 1998 ta yi doka. Wanda ya sa ɗalibi abin wulaƙanci yana iya shan wata 6 a kaso da tarar da ta kai kusan sefa miliyan 5. Dokar ta ce ko yaron ya yarda, laifi ne. Wannan wuri ya burge ni, don baƙon da ke tsoron a ware shi ba ya iya cewa a'a.

Mu iyaye ma da namu laifi. Me muke gaya wa yaro a tasha? Ka yi haƙuri, ka bi na gaba, kada mu ji ƙararka. Nasiha ce mai kyau, amma yaro yana ɗaukar ta har inda ba mu nufa ba. Sai a ci zalinsa ya yi shiru, don kada a ce shi raggo ne. Wani zai ce ai Fulani ma suna sharo. Gaskiya ne, amma sharo a fili ake yin sa, da rana, gaban manya masu tsawatawa. Wancan kuwa a ɓoye ake yi, har a sa yaro rantsuwa kada ya faɗa.

Saboda haka ka zaunar da ɗanka, ko ɗiyarka, ka ce: in an ce ka sha abin da ba ka sani ba, ko ka tuɓe, ko ka bi su wani wuri da dare, ka ƙi, ni ne na ce. In ka ga ɗan'uwanka ya faɗi, ka kai shi likita nan take, kada ka jira izinin kowa. Ka samar mishi wani babba a garin, ko ɗan ƙauyenku ne, wanda zai iya buga wa ƙofa. In kun yi tarho kada ka tsaya ga "lafiya lau". Tambaye shi inda yake kwana, da su wa yake cin abinci. In kuɗi na ƙarewa da wuri, ko muryarsa ta sake, ka je ka gan shi da idonka, ka ga shugabannin makaranta.

Wanda ɗansa ya riga ya shekara a can, shi ma ya kira nasa. A cikin tsofaffin ɗalibai masu sandar suke, kuma su ma ƴaƴan wasu ne.