AN SAUYA WA TUWO SUNA

'Yan'uwana mata, na aure da 'yammata, yau kan taba zan yi magana, kuma ba zan rufe komai ba. Wadda ta ji zafi ta yi haƙuri, ai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mu mutanen ƙasar Bagudo a bakin iyaka muke zaune. Daga Tsamiya in aka miƙa sai Segbana ta Jamhuriyar Benin, a Lolo kuwa ga kogin Kwara nan jirage na ta kai da kawowa. Abin arziki na shigo mana ta nan, abin tsiya ma haka. Ko sa'adda gwamnati ta rufe iyakoki daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, 'yan fasa-ƙwauri ba su kwanta barci ba, kuma sigari tsohuwar hajarsu ce. Saboda haka duk sabon salon taba da ya fito a duniya, kada ki ce ya yi mana nisa.

Taba dai ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu sun goga fure da goro, tsofaffi sun cusa taba gari a leɓe, maza sun busa sigari, shisha ta zo ta shiga ɗakunan samari. To yanzu ga autarsu nan, sigarin lantarki, wadda wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙirƙiro a 2003. 'Yar aba ce kamar biro, da batir da wani ruwa a ciki, in an zuƙa sai ta fid da tururi mai ƙamshin mangwaro ko na'ana'a ko alawa. Ba ashana, ba toka, ba wari a mayafi. Yarinya sai ta jefa ta a jaka tare da jan baki, uwa ba ta sani ba. In kin yi magana a ce miki, "Haba Hajiya, ai wannan ba taba ba ce, tururi ne kawai."

Ƙarya ce! Tuwo aka sauya wa suna. Abin da ke ɗaure mai shan sigari sinadari ne da ake kira nikotin, kuma shi ne dai a cikin ruwan galibin waɗannan birorin. Da an zuƙe shi, cikin daƙiƙa 10 ko makamancin haka ya isa ƙwaƙwalwa, mutum ya ji wasai. Bayan 'yan sa'o'i ya sake shi, sai ƙunci da saurin fushi da rashin natsuwa, har sai an ƙara. Haka ake yi har mutum ya zama bawa. Ƙwaƙwalwar ɗan'adam kuwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, shi ya sa yara suka fi saurin kamuwa. Mai juna biyu in ta sha, ɗan cikinta ma ya sha. Ruwan kansa dafi ne in ƙaramin yaro ya tsinta ya kurɓa.

Na san abin da masu kare ta za su ce: ai ta fi sigari sauƙi. Ban musa ba. Sigari ƙona ta ake yi, hayaƙinta na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki suna jawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum sama da miliyan 7 duk shekara, sama da miliyan 1 daga cikinsu ba su ma sha, hayaƙin wasu suke shaƙa, wato irinmu mata da 'ya'yanmu. Likitocin Ingila sun ce wanda sigari ta riga ta kama, in ya bar ta ɗungurungum ya koma ta lantarki, cutar ta ragu. Amma su ɗin dai suka ce wanda bai taɓa sha ba kada ya soma. To ina ruwan 'yar shekara 16 da wannan rangwame? Don harbin kunama bai kai saran maciji ba, sai ki miƙa wa kunama hannu?

Ki duba ki gani. Indiya ta haramta ta tun 2019. Ingila ɗin ma ta hana sayar da irin wadda ake sha a yar daga 1 ga Yuni, 2025. A Amurka tsakanin 2019 da farkon 2020 an kwantar da mutum sama da 2,800 a asibiti da ciwon huhu, 68 suka mutu, akasari saboda ruwan da suka saya a bayan fage wanda aka gauraya da wiwi da wani mai. In haka ta faru a can, ya ke nan kayan da ya biyo ɓarauniyar hanya a bayan babur, ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki?

Doka kam muna da ita. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. Amma je ki teburin bakin titi ki gani da idonki. Tunda haka ne, tsaron ya dawo cikin gida, hannunmu.

Ke matar aure, ki lallashi maigida cikin ladabi ya daina busa miki hayaƙi a ɗaki kan yara, ya kuma daina aiken Ɗan'auta sayo masa kara biyu, don ɗan aike na yau shi ne mashayin gobe. Ki riƙa leƙa jakar 'yarki, ki san ƙawayenta, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya riga ya kamu kuma, gori ba ya warkar da shi, a raka shi asibiti ya nemi taimako.

Ke kuma budurwa, duk ƙawar da ta miƙo miki ta ce ɗanɗana ki ji ƙamshi, ko saurayin da ya ce wayewa ce, ki dube shi ki ce a kai kasuwa. Kura ce da fatar akuya. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, amin.