Lissafin "Rage Baki Ɗaya"

Tun daga 2019, lokacin da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina, dubban mutane suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar. Wasu sun raɓe a wajen dangi a yankin Gidan Runji, wasu Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da su a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. A irin wannan zama ne uba ke duban 'yarsa mai shekara 14, ya ga ba gona, ba makaranta, ga tsoron a lalata ta, sai ya ce a aurar da ita: a rage baki ɗaya, a tsare mutunci. Ba na zargin tsoronsa. Lissafinsa ne nake shakka.

Al'adar goyon ciki ma kaɗai ta isa ta rushe shi. Cikin fari a gidan iyaye ake rainonsa, don haka kafin shekara ta zagayo yarinyar ta dawo bukkar uwarta, da ciki, tana bukatar abincin mutum biyu alhali ita kanta ba ta gama girma ba. Jikinta da ɗan tayin suna rige-rigen abin da ke cikin kwano guda. Ga zazzaɓin cizon sauro, wanda ya fi kayar da mai cikin fari, yana shanye ɗan jinin da ya rage.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa masu haihuwa tsakanin shekara 10 zuwa 19 sun fi 'yan 20 zuwa 24 faɗawa jijjiga da ciwon mahaifa bayan haihuwa, jariransu kuma sun fi zuwa bakwaini ko da nauyin da bai kai kilo 2.5 ba. Tun 2016 hukumar ta ce a je awo sau 8. Amaryar da kunyar ɗan fari ta hana ta ko faɗin cewa ta yi ɓatan wata, wa zai kai ta sau 8? Sai ƙafa ta kumbura, kai ya dinga sarawa, a ce ai haka ciki yake.

Za a ce tiyatar haihuwa kyauta ce a Nijar tun 2005. A takarda haka ne. Sai dai an daɗe ana kukan gwamnati na jinkirin biyan asibitoci kuɗin wannan rangwame, idan kaya suka yanke kuwa dangi ake miƙa wa takardar saye. Kuɗin mota cikin dare, da abincin mai jinya, da neman wanda zai ba da jini, duk suna wuyan mutumin da ya baro shanunsa a hannun ɓarayi. Sadakin da ya karɓa an daɗe da cinye shi.

Abin da ya fi tsada shi ne doguwar naƙuda. Ƙugun yarinya bai buɗe ba, kan ɗa ya toshe hanya kwana biyu ko uku a gaban ungozoma, ya danne mafitsara har naman wurin ya mutu. Galibi ɗan ba ya zuwa da rai, uwar kuma ta tashi da yoyon fitsari. Akwai asibitin gyara a Danja, kusa da Maraɗi, akwai na Babbar Ruga a Katsina, amma jinyar makonni ce, ba kowace ɓula ke rufuwa a aiki ɗaya ba, kuma sau da yawa mijin ya riga ya aiko da takardar saki.

Ƙungiyoyin agaji ma suna da nasu kason. Duk sanda aka rage rabon abinci, ko aka bar sansani ba ajin da ya wuce firamare, an ƙara wa uban hujja. Rahoto zai ƙirga haihuwar da aka yi a asibiti. Bazawara mai shekara 16 da ke wanke tsumma a bayan bukkar uwarta ba ta cikin jadawalin.