Mai jinyar tsoho ma yana buƙatar hutu

A shekarar 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacin da matarsa ta haihu, matakin da ya cancanci yabo. Sai dai har yau dokokin aikin gwamnati ba su keɓe wani hutu da sunan jinyar iyaye ba, alhali gidaje da dama a Kubwa, Nyanya da Lugbe akwai ɗakin da tsoho ke kwance, an ɗauko shi daga gida domin ya kusanci asibiti.

Ma'aikacin da mahaifinsa ya samu shanyewar ɓarin jiki yakan cinye hutunsa na shekara a layin ganin likita, in ya ƙare ya koma neman alfarma wurin darakta. Hadiman ministoci da na 'yan majalisa ma ba su san lokacin tashi daga aiki ba. Inshorar lafiyar ma'aikata kuwa ta tsaya kan ma'aikaci da abokin zamansa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Iyaye sai an biya musu daban.

Amma nauyin na gaske yana kan wadda aka bari a gida: matar ɗa, ko ƙanwa, ko jikar da aka dakatar da karatunta. Ita ke ɗaga majinyaci, ta yi masa wanka, ta juya shi cikin dare don kada kwanciya ta ci masa baya. Idan ciwon mantuwa ne, barcinta rabi da rabi ne, domin tsohuwa na iya buɗe ƙofa da asuba ta ce za ta tafi garinsu. Wannan aiki ba shi da Asabar da Lahadi, ba shi da albashi. Ranar da ta ce ta gaji, dangi su ce ba ta da haƙuri, galibi dangin da ba su taɓa kwana ɗaya a ɗakin ba.

Wasu ƙasashe sun daina kallon lamarin a matsayin sirrin cikin gida. Ingila ta fara bai wa masu jinya hutun mako guda a shekara daga Afrilun 2024, ko da yake babu albashi. A Japan ma'aikaci na da damar ɗaukar kwana 93. Tsarin Jamus ya fi dacewa da halin da ake ciki a nan: inshorar jinya ce ke biyan wanda zai riƙe majinyaci na wasu makonni, mai jinyar ta je ta huta.

Za a ce kai iyaye gidan tsofaffi abin kunya ne. Babu mai neman a yi hakan. Wurin da tsoho zai wuni a hannun ma'aikatan jinya ya dawo gida da yamma, ko ƙwararren da zai zo gida na mako ɗaya, taimako ne ga iyali, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƙasar nan na da Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Ya kamata ta fara da wuraren wuni a ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, kusa da cibiyoyin lafiya na matakin farko. Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya kuma ya sanya hutun jinya cikin dokokin aiki, da albashi, bisa takardar likita, yadda ba zai zama ƙofar zillewa aiki ba.

Kafin nan, ma'aikacin da ke cike takardar hutun ƙarshen shekara ya ware mako guda ya karɓi jinyar da hannunsa, ya biya wa mai jinyar kuɗin mota ta je ganin nata iyayen.