Bature Ma a Kan Kayan Aro Yake Kwana

Sau da yawa akan ji wasu suna yi wa ɗaliban Hausa gori, wai harshen da suke nazari rabinsa Larabci ne, rabinsa Turanci. Har cikinmu akwai masu sunkuyar da kai in an faɗi haka, suna tuna karin maganar nan, wai zanen aro ba ya rufe katara. To, mai karatu, zo mu leƙa ɗakin kwanan Bature mu ga nawa ne nasa na gado.

Mu fara da katifa. Baturen Ingila yana ce mata mattress, na Faransa kuwa matelas. Duka biyun daga Larabci suka fito, daga kalmar maɗrah, wato wurin da ake jefa abu, don a ƙasa ake jefa shimfiɗar a kwanta. Kalmar ta bi ta Italiya ta shiga Faransanci, daga nan ta ƙetara Ingila wajen shekarar 1300. Ita ma katifar tamu Balarabiya ce, asalinta ƙaɗifa, wani yadi mai laushi. Ashe da mu da su a wajen mutum guda muka yi aro.

Bargo fa? Blanket ta Ingilishi daga tsohon Faransanci take, tushenta blanc, wato fari, domin da can sunan wani farin yadin ulu ne. Ta shiga ne bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada. Yau Bature yana lulluɓa da baƙin bargo, yana kiransa fari, ko a jikinsa. Bafaranshe kuwa couverture yake cewa, ma'ana abin rufa, daidai da yadda muka ƙiro mayafi daga yafa. Haka duvet, a Faransanci gashin tsuntsu ne mai laushi, amma Ingilishi ya mai da ita sunan lallausan bargon da ake cusa wa gashin.

Matashi ya fi ba da sha'awa. Pillow daga Latin aka aro ta, asalinta pulvinus. Bafaranshe ya ƙera tasa, oreiller, daga oreille, wato kunne, abin ɗora kunne ke nan. Mu kuma muna da matashin kai, sai muka ƙara da filo.

A ganina darasi biyu ke nan. Na farko, aro ba talauci ba ne. Harshen da ke shiga kasuwa da fada da makaranta dole ya kwaso kalmomi, kuma ba wanda ya taɓa raina Ingilishi don ya kwana a kan katifar Larabawa. Abin lura shi ne a lanƙwasa baƙuwar kalma ta bi bakin masu harshe, kamar yadda pillow ta zama filo.

Na biyu kuwa gargaɗi ne. Ingilishi ya yi aro, amma bed da sheet, wato gado da zanensa, nasa ne tun kaka da kakanni, bai yar da su ba. Ranar da yaro ya san filo bai san matashi ba, ya san kafet bai san darduma ba, ranar ce zanen aro zai gaza mana. 'Yan'uwa ɗalibai, mu karɓi baƙo hannu biyu, amma kada mu kori ɗan gida daga ɗaki.