Alƙalamin Da Bai San Kotu Ba Yana Koya Wa Jama'a Zalunci



Wannan makon kanmu za mu tuhuma. Ɗauki labaranmu na aikata laifi ka duba: a shafi ɗaya an kama mugu, a na biyu alƙali ya ce a rataye shi, a na uku an yi jana'iza. Ba bincike, ba shaida, ba lauya, ba ɗaukaka ƙara. In aka yi magana sai mu ce ai ƙirƙira ce, rubutu baiwa ce, ba sai an je makaranta ba. Wannan hujjar malalata ce, mu daina fakewa da ita.

Akwai digiri guda da aka gina a kan abin da muke yi wa riƙon sakainar kashi. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, da Jami'ar Tarayya ta Dutse suna koyar da nazarin aikata laifuka da tsaro. Ɗalibi yana shafe shekaru yana koyon abin da ke tura mutum ga laifi, yadda ake adana shaida, halin wanda aka zalunta, da amfanin gidan yari. Wasunmu na yi masa ba'a da sunan "digirin ɗan sanda". Alhali ɗalibin aji biyu a can zai iya zazzage mana kurakurai goma a babi ɗaya.

Ga kaɗan daga ciki. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, amma mu kullum muna tsare uwa don ɗanta ya fito, har muna yaba wa jami'in da ya yi haka. Kotun majistare ba ta yanke hukunci a shari'ar kisan kai. Wanda aka yanke wa kisa yana da damar ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, kuma ba a zartarwa sai gwamna ya sa hannu. Akasarin waɗanda ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke, ba a same su da laifi ba tukuna. Labari nawa muka rubuta a kansu?

Mu da muka fito daga ƙasar Zuru ba mu da uzuri. A watan Maris na 2022 'yan bindiga sun yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, suka kashe fiye da 60. Kafin nan, a watan Yuni na 2021, an kwashe ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri. Mutumin da ya ga irin wannan, zuciyarsa ta riga ta cika. Idan ya buɗe wayarsa ya karanta labarinmu, ya ga jarumi ya kama wanda ake zargi ya gama da shi a daji, marubuci kuma yana tafi, me muka koya masa? Mun koya masa cewa zargi hujja ne, kuma kama da wane ta isa a kashe mutum. Gobe ƙanen wani ne zai dawo daga kasuwar Dirin Daji a tare shi saboda kamanninsa.

Za a ce kotun ma tana jan ƙafa, shi ya sa jama'a suka gaji. Gaskiya ne. To mu rubuta jan ƙafar: fayil ɗin da ya kwana a ma'aikatar shari'a, shaidar da tsoro ya hana zuwa, matar da ta sayar da akuyarta don beli alhali belin 'yan sanda kyauta ne a doka. Nan labari yake, amma sai wanda ya san hanyar zai gan shi.

Ba mu ce kowa ya yi digiri ba. Da yawanmu difloma muka tsaya. Amma NOUN na sanya littattafan darussanta a intanet kyauta, zauren kotu kuma a buɗe yake ga kowa. Kafin ka sake rataye wani a takarda, je ka zauna a benci na baya ka saurari shari'a ɗaya daga farko har ƙarshe. Sannan ka dawo mu karanta.