Gurun da Gawain ya ɓoye, da abin da hadimi ke ɓoye wa maigidansa

A ƙarshen ƙarni na 14, wajen zamanin da tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, wani mawaƙi da ba a san sunansa ba ya tsara waƙa mai layi kusan 2,500 a arewa maso yammacin Ingila, a kan barde Gawain da wani koren barde. Kwafi ɗaya tak ya tsira, yana ajiye a babban ɗakin karatu na Birtaniya da ke Landan. A jami'o'inmu akan karanta ta don cin jarrabawa. Ni kuwa ina ganin waƙa ce ta hadimai, kuma Bahaushen Agege zai riga ɗalibin Turanci gane inda ta dosa.

Ana bikin sabuwar shekara a fadar Sarki Arthur sai ga baƙo, kore shar daga kansa har dokinsa. Ya ce wani ya sare shi da gatari, bisa sharaɗin zai rama bayan shekara ɗaya da kwana ɗaya. Gawain ya fille masa kai, baƙon ya sunkuya ya ɗauki kansa ya yi gaba. Da wa'adi ya matso, Gawain ya fita cika alkawari, ya sauka a gidan wani basarake. Suka ƙulla yarjejeniya: abin da maigida ya samo a farauta na baƙo ne, abin da baƙo ya samu a gida na maigida ne. Kwana uku matar gidan tana jarraba shi, yana kaucewa cikin ladabi, yana mayar wa mijin sumbar da ta yi masa. Ranar ƙarshe ta miƙa zobe mai tsada, ya ƙi. Sai ta kawo koriyar ɗamara ta alharini, ta ce mai ɗaure da ita ba ya kasuwa. Wannan ya karɓa, ya yi gum.

Masharhantan Turai sun sha wahalar bayanin wannan ɗamara. Mu muna da sunanta: guru ne, ɗan'uwan kambu da laya, abin da mayaƙi ke ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin riga. Nan alamar take. A garkuwar Gawain, inda kowa ke gani, akwai tauraro mai tsini biyar da aka zana da layi ɗaya marar yankewa, kuma cikin abin da yake wakilta har da kyauta, zumunci, tsarkin hali, ladabi da tausayi. Wanda ya san laccar Kirk-Greene da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki, inda ya jero gaskiya da amana da karamci da kunya da sauransu, zai ga kamannin. Garkuwa ta taro ce, guru na ƙarƙashin riga. Mawaƙin ya jera dabbobin farautar ma da gangan: barewa, sai gadu, sai yanyawa mai wayo a ranar da Gawain ya yi nasa wayon.

Littattafanmu na jarumta, irin su Ganɗoki na Bello Kagara da ya fito a 1934, sukan gwada namiji a fagen fama, da takobi da kirari. Gawain a ɗakin baƙi aka gwada shi, ba kowa a wurin. Irin wannan gwajin a kasuwa muka adana shi. Hausawa sun kafu a Zangon Agege ne a kan cinikin goro, da jirgin ƙasan da ya haɗa Legas da Kano tun wajen 1912, ga kuma harkar shanu a mayankar Oko-Oba. Falke ya sauka gidan maigida, ya damƙa masa kuɗi, maigida ya tura yaransa saye, ya tsaya wa baƙo a kan bashi, ba takarda ba lauya. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a Sabon Ibadan a littafinsa na 1969. Yaron da ya danne ɗan rarar da ya samu a ciniki bai karya kowa ba, amma ranar da aka gane, an daina aikensa. A Zango ƙanƙantar abin da aka ɓoye ba ta zama hujja.

Ku da ke riƙe da fayil a sakatariyar tarayya, ko jakar minista, yarjejeniyarku a rubuce take. Jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikaci karɓar kyauta saboda aikinsa, ya kuma wajabta bayyana kadara ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata lokacin kama aiki, da duk bayan shekara huɗu, da lokacin sauka. Ya bar ƙofa ga kyautar dangi da abokai gwargwadon al'ada, kuma ta wannan ƙofar, a ganina, ake shigo da yawancin guraye. Mai ƙin zobe ba shi da wuyar samu, domin zobe yana da ƙyalli kuma ana ganinsa. Abin da ke kayar da mutanen kirki shi ne wanda ya zo da sunan kariya: ɗan fili saboda ranar ritaya, ɗan wani abu saboda ba a san ranar da za a sauke maigida ba. Tsoro ne ya ci Gawain, kuma mawaƙin ya yi masa adalci. Koren barden, wanda ashe shi ne mai masaukin, ya kai sara uku, na ukun ne kawai ya ɗan yanke shi a wuya, ya ce laifinsa kaɗan ne tunda ransa yake so. Mai jiran fansho da bai san ranar fitarsa ba zai fahimci wannan sassauci.

Inda waƙar ta fi damuna shi ne ƙarshenta. Gawain ya koma fada da ɗamarar a rataye a kafaɗa, ya ce shaidar kunyarsa ce, ya faɗi laifinsa a gaban sarki. Fadawa suka bushe da dariya, suka yanke shawarar kowannensu ya rataya irinta, ta zama alamar girma a fadar. Wasu masana na karanta wannan a matsayin zumunci, wai sun taya ɗan'uwansu ɗaukar nauyi. Ban gamsu ba. Mutum ɗaya ne a zauren ya san abin da ɗamarar ke nufi, sauran anko suka mayar da ita.